Daga Tudun Tsinga Zuwa Kwarin Briqueterie: Ina Guminmu Yake Tafiya?



Duk wanda ya idar da sallar Juma'a a babban masallacin Tsinga, wanda Saudiyya ta gina aka buɗe a 1997, idan ya ɗan dakata a bakin ƙofa kafin ya kama hanyar gida, to yana tsaye ne tsakanin duniya biyu. Ta sama ga Palais des Congrès bisa tudun Nkol-Nyada, ginin da Sinawa suka yi aka buɗe a 1982, inda tarurrukan da aka zauna a kan yaƙi da talauci da ci gaban Afirka sun fi gaban a ƙirga. Ta ƙasa kuwa, idan ya gangara da ƙafa, kafin ya gaji ya shiga Briqueterie, inda kwanon rufi ya yi tsatsa, wani lungun ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, kwata kuma ta bi ta ƙofar gida.

Babu mai adalcin da zai kira mutanen wannan unguwa malalata. Tun kafin kiran assalatu mahauta sun nufi mayankar Etoudi. Mata sun hura wuta sun ɗora kaskon ƙosai. Da hantsi shagunan atamfa da shadda sun buɗe, keken tela ba ya yin shiru sai dare ya raba, musamman idan salla ta gabato. Da yamma hayaƙin soya ya turnuƙe titi, manyan motoci daga Bastos suna layi a gaban mai kilishi. Amma duk da wannan fafutuka, da wuya mako ya wuce ba a miƙe a masallaci bayan sallama an ɗaga takardar magani ana neman taimakon bayin Allah ba. Mutum ya yi shekara talatin yana sana'a, ciwon wata guda ya cinye jarin. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana damuna, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna shi a nan.

Idan aka tayar da maganar a majalisa, amsa uku ake ji. Wani ya ce ƙaddara ce, wani ya ce Turawa ne suka cuce mu, wani ya ce gwamnati. Kowace akwai gaskiya a cikinta. Abin tsoro shi ne, duka ukun suna barin mai faɗarsu ya tashi ya kaɗe rigarsa ba tare da wani nauyi a kansa ba. Imani da ƙaddara rukuni ne, babu Musulmin da ke jayayya a kansa. Sai dai malamai sun karantar da mu cewa lokacin da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya juya da jama'arsa daga hanya, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Talauci yana da sababi kamar yadda zazzaɓi yake da sauro, kuma binciken sababi ba ya rage tawakkali.

Auduga ta tafi, atamfa ta dawo

Sunan unguwarmu kansa tarihi ne: wurin dafa bulo ne na zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yawunde wajen 1889. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar Adamawa da goro da tufafi da shanu, kuma an matsa da su fiye da sau ɗaya a cikin garin kafin su zauna a wannan kwari na Ekoudou. Ƙasar da suka tarar ana ginawa, an tsara ta ne domin fitar da kaya. Layin dogon da ya iso Yawunde daga Duwala a 1927, da aikin tilas aka haƙa shi, kuma fuskarsa teku take kallo: koko da katako su sauka, kayan masana'antar Turai su hau.

An sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960, amma wannan tsari bai sauya sosai ba, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba. Mai karatu ya shiga kowane shagon atamfa a unguwar nan ya duba bakin zanen ya ga inda aka yi shi. Manoman Arewa da Arewa Mai Nisa suna noma auduga mai yawa, Sodecoton da ke Garwa ta saye ta gurje, sa'an nan kusan dukkanta a ɗaure a tura tashar jiragen ruwa. Abin da ake sarrafawa a gida kaɗan ne ƙwarai, masaƙar CICAM da aka kafa a 1965 kuwa ta daɗe tana numfashi da ƙyar. Sai audugar ta je Asiya a kaɗa, a saƙa, a rina, ta dawo mana da tsada. Manomin Garwa ya sami ɗan abin da ya samu, telan Briqueterie ya sami kuɗin ɗinki, amma ribar da ke tsakanin gona da keken ɗinki, wadda ita ce mai tsoka, tare da dubban ayyukan yi da ke cikinta, tana wata ƙasa. Haka labarin shinkafa yake: ga filayen SEMRY a Yagwa a bakin Logone, ga buhunan Tailan da Indiya sun cika kasuwar Mokolo.

Wannan ciwo bai tsaya a Kamaru kaɗai ba. Nijar da yuraniyom, Gana da koko, Najeriya da ɗanyen mai, duk sun ɗanɗana shi. Wanda yake sayar da ɗanye ya sayi dafaffe, ba shi ne ke yanka farashi ba, ko a saye ko a sayarwa.

Shekarun da suka karya bayan magidanta

Matasanmu da yawa ba su san cewa an yi lokacin da ake kiran Kamaru abin misali a Afirka ba. An fara haƙo mai a 1977, koko da kofi suna da daraja, ma'aikaci yana karɓar albashin da zai ɗinka wa iyalinsa kayan salla ya sayi nama kullum. Amma kaso mai yawa na kuɗin man ba ya shiga kasafin da majalisa ke gani, a wasu asusu na waje ake ajiye shi. Da farashin mai da koko da kofi suka faɗi daga 1986, sai rufin ya yaye.

Abin da ya biyo baya iyayenmu ba su manta ba. A 1988 gwamnati ta sa hannu da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato FMI, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu. Aka rufe kamfanonin gwamnati, bankuna suka durƙushe da ajiyar mutane a ciki. A 1993 aka zabtare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairu da Nuwamba, da yawansu suka rasa fiye da rabin abin da suke karɓa. Ba a gama wannan jimami ba, sai ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye a 50 ya koma 100. A 1995 kamfanin bas na SOTUC ya rufe.

Wani zai ce, to mu da ba ma aikin gwamnati, ina ruwanmu da albashi? Ai ma'aikacin nan shi ne mai sayen naman mahauci, shi ne mai kawo wa tela ɗinki. Rana ɗaya ɗan kasuwar unguwar nan ya wayi gari kayan da yake sarowa daga waje sun ninka kuɗi, mai sayen kuma aljihunsa ya ragu da rabi. Sa'an nan waɗanda aka sallama daga aiki, da ɗaliban jami'a da suka gama babu gurbi, duk suka faɗo cikin ƙananan sana'o'in da a da mu muka fi riƙewa. Kasuwa ba ta ƙaru ba, masu kasa kaya suka ninka. A ganina, a nan ne jarin gidaje da yawa ya narke, kuma har yau bai koma yadda yake ba. A wannan zamanin ne kuma malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da mai riƙe da hatimi, waɗanda albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, suka fara neman cikon a hannun talaka, har abin ya zama al'ada.

An yafe wa ƙasar bashi mai yawa a Afrilun 2006 ƙarƙashin shirin PPTE, aka ce sauƙi ya zo. Shekara biyu bayan haka, a Fabrairun 2008, tsadar rayuwa ta fito da matasa kan titi, aka rasa rayuka. Binciken gidaje na hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna kashi 40.2 cikin ɗari na jama'a matalauta ne a 2001. Na 2021 zuwa 2022 ya ba da kashi 37.7, wato mutum wajen miliyan 10 da ba sa samun faran 813 a rana. Shekara ashirin, kusan muna nan inda muke. A Arewa Mai Nisa kuwa abin ya kusa mutum bakwai cikin goma. Wannan adadi ya shafe mu kai tsaye, domin jirgin Ngaundare ba shanu kaɗai yake kawowa ba: kowane gida a nan yana da ɗan uwa da ya sauka da jaka ɗaya, ga kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gonakinsu tun daga 2014. Albashin tela ɗaya a Yawunde sau da yawa tukunya uku yake ɗorawa.

Amana

Ba na son in yi dogon zance a kan cin hanci, domin an faɗa har kunne ya gaji. Ƙungiyar Transparency International ta sa Kamaru a matsayin ta ɗaya a duniya a 1998 da 1999. A 2006 aka kafa hukumar CONAC, aka fara kamen da ake kira Épervier, ministoci da manyan daraktoci suka shiga gidan yarin Kondengui. Amma sashe na 66 na tsarin mulkin 1996, wanda ya wajabta wa masu riƙe da manyan muƙamai bayyana dukiyarsu a farkon aiki da ƙarshensa, har yanzu ba mu ga an aiwatar da shi ba. A 2022 kamfanin Glencore ya amsa a gaban kotunan Ingila da Amurka cewa ya ba da cin hanci a ƙasashen Afirka da dama, har da wajen faran biliyan 7 ga jami'an kamfanonin mai na gwamnatin Kamaru. Mai bayarwa Bature, mai karɓa ɗan ƙasa. Wanda ke son ɗora laifin duka a kan ɗayansu, sai ya runtse ido ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ke sauka a kan tabarmar talaka, domin shi sau biyu yake biyan komai. Ya biya haraji a kasuwa, ya biya kuɗin tikiti, sa'an nan ya sayi ruwa a jarka, alhali lita ɗaya a jarka ta fi tsada a kan lita ɗaya a famfon mai hali. An ƙaddamar da babban aikin jawo ruwa daga kogin Sanaga a 2024, mun gode Allah, amma a lungunmu har yau yara da jarka suke fita kafin makaranta. An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun 2000, amma uba ya san abin da yake biya da sunan ƙungiyar iyaye. Wuta ta ɗauke, tela ya zauna, ranar ta tafi. Kwata ta toshe, zazzaɓi ya shigo, ribar mako ta tafi kantin magani. Ba a kiran waɗannan haraji, amma sun fi haraji cin aljihu.

Magabatanmu sun san wannan ciwo da sunansa. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abubuwan da ya ƙi a mulkin sarakunan zamaninsa, cikinsu har da harajin da shari'a ba ta sani ba, da karɓe kayan 'yan kasuwa, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a biya buƙata. Kuma sananne ne a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi da ma'aikacin zakka da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Ke nan abin da muke kira goro ko na shan ruwa, tuni aka yi masa hukunci. Kuma in za mu faɗi gaskiya, ba daga sama kaɗai yake ba. Mu ne muke naɗe takardar jaka ɗaya cikin katin mota tun kafin a tambaye mu. Mu ne muke karɓar buhun shinkafa da turmin atamfa a lokacin zaɓe, sa'an nan mu yi shekara biyar muna kuka da kwata.

Namu kason: takarda

A nan nake so in daɗe, domin wannan ne ɓangaren da ke hannunmu.

Mahaifina limami ne, kuma na tashi ina ganin wani littafi da yake rubuta kowane suna da kowane aure da ya ɗaura, da ajami, da rana da wata. Littafin yana da daraja a wurinmu, ya sha raba gardama. Amma ofishin magajin gari bai san da shi ba. Akwai wani yaro da aka raɗa wa suna a zaurenmu, mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya haddace izu da yawa, a makarantar boko ma yana cikin na gaba. Da ya kai ajin ƙarshe na firamare aka nemi takardar haihuwa domin jarrabawar CEP, sai aka tarar babu. Uban ya shiga neman hukuncin kotu da ake kira jugement supplétif: takardar likita mai ƙiyasta shekaru, shaidu, tambura, je ka dawo. Ya rufe teburinsa kwana da kwanaki, kuɗin ya ƙare, lokacin rajista ya wuce. Yaron ya maimaita aji, zuciyarsa ta karye, ya bari. Yau yana tura kura a kasuwa. Sana'a ce ta halal, ba na raina ta, amma na san abin da aka rasa.

Ba shi kaɗai ba ne. Hukumomin ilimi da UNICEF sun bayyana cewa yara fiye da miliyan ɗaya ne ke zaune a azuzuwan firamare a ƙasar nan babu takardar haihuwa, har magadan gari suka yi taro na musamman a kan batun a nan Yawunde a Afrilun 2024. Wanda ba shi da takardar haihuwa ba zai yi katin ɗan ƙasa ba. Wanda ba shi da kati ba zai buɗe asusu a banki ba, ba zai yi rajistar layin waya da sunansa ba, ba zai yi fasfo ya je Hajji ba, ba zai jefa ƙuri'a ba, kuma a kowane shingen jami'an tsaro shi ne abin tatsa. Ga wanda kakansa aka haifa a Ekoudou, amma ana tambayarsa ko daga Najeriya ya zo.

Haka batun gida. Tun dokokin ƙasa na Yulin 1974, titre foncier ne kaɗai shaidar mallaka da hukuma ta yarda da ita. Gidaje nawa ne a unguwar nan suke da ita? Da yawa an saye su ne da shaidar dattawa da fatiha, mai gidan ya rasu, magada ashirin, ba a raba ba, ba a rubuta ba. Irin wannan gida ba ya karɓar gyara, domin babu wanda zai zuba kuɗinsa a abin da bai tabbata nasa ba ne, kuma ba ya zama jingina. Waɗanda suka ga yadda katafila ta shiga Ntaba a 2008 sun san abin da ke faruwa da mai gidan da ba shi da takarda. Ga mu a tsakiyar babban birni, a kan filin da kowane mai kuɗi ke haɗiyar yawu a kansa.

Na san dalilin da ya sa kakanninmu suka guji ofis da makarantar boko. Makarantun farko a kudancin ƙasar nan na mishan ne, kuma sun ji tsoron a raba 'ya'yansu da addini. Allah Ya saka musu da alheri, sun tsare mana abin da ya fi komai. Amma wannan uzuri ya ƙare. Yau akwai makarantun da ke haɗa Larabci da Faransanci, akwai 'ya'yanmu likitoci da lauyoyi da suke salla a sahun gaba. Abin mamaki ma shi ne a ce mu ne masu gudun rubutu, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma Sayyidina Umar ne ya kafa diwani, wato rajistar sunayen jama'a da haƙƙoƙinsu. Amma ka shiga shagunanmu ka ga bashin miliyoyi da baki kawai, ranar da mai shagon ya faɗi, marayu su tashi da hannu wofi.

Sa'an nan ga abin da muke yi da ɗan abin da ya shigo. Ba zan tsawaita a kan lefe da anko da hayar zauren biki ba, iyayenmu mata sun fi ni sanin adadin, sun kuma san gidajen da aka cire yarinya daga makaranta a shekarar da aka yi bikin yayarta. Zakka kuwa, attajiranmu suna fitarwa, Allah Ya karɓa, amma sau da yawa a ƙofar gida ake raba ta jaka biyu biyu, ta ƙare a cefanen yini ɗaya, bana a ga fuskokin bara. Da za a haɗa ta mutum goma a sayi keken ɗinki ko injin niƙa, ko a biya wa marayu kuɗin makaranta, a rubuta, a karanta wa jama'a lissafin a ƙarshen shekara, da wani mai karɓa ya zama mai bayarwa. Musulmin Maleshiya sun kafa asusun Tabung Haji a 1963 domin manoma su daina sayar da gona saboda kujerar Makka. Da ƙananan ajiya aka fara, yau yana cikin manyan cibiyoyin kuɗi na Musulunci a duniya. Mu ma mun iya adashi, matanmu sun fi kowa riƙe shi. Abin da ya rage mana shi ne littafi, da mai binciken littafin, da haƙurin a tambayi Alhaji lissafi ba tare da an ce an ci mutuncinsa ba.

Ba na cewa takarda za ta dawo da masaƙar Garwa, ko ta hana wani ɓoye biliyoyi a waje. Waɗannan sai da hukuma mai tsoron Allah da tsoron jama'a, kuma jama'ar da ba ta cikin rajista ba ta da muryar da za a ji tsoro. Shawarar da nake miƙa wa iyayenmu limamai da shugabannin wannan ƙungiya, cikin ladabi, ƙarama ce. Doka ta ba da kwana 90 a kai sanarwar haihuwa ofishin magajin gari, kuma a cikin wannan wa'adi rajistar kyauta ce, babu kotu, babu shaidar likita. Mu kuwa a rana ta bakwai muke taruwa raɗin suna, da liman da uba da dangi duka a wuri ɗaya, ga rago ga goro. Kafin a shafa fatiha, liman ya tambayi uban jariri ko an karɓo takardar asibiti an kai ofis. Idan ba a kai ba, a rubuta sunan a littafin masallaci, a wakilta saurayi ɗaya mai jin Faransanci ya raka shi, ko da a gida aka haihu. Daga ranar suna, saura kwana 83.